Yadda Na Ba da Gona Na Karɓi Dutse

Zainab ce ta sa na zauna rubuta wannan babi. Muna dawowa daga Kafin Hausa a mota, ta nuna mini wani fili a bakin kogi, kore shar da albasa, ta ce, "Umma, wai da gaske nan ce gonarki da kika bayar saboda dutse?" Na ce da gaske ne. Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi, ana faɗa ana dariya, wani lokaci kuma ba da dariya ba. To ga yadda abin ya faru daga bakina, don kada ku riƙi kawunku Modu da laifin da bai yi ba, kada kuma ku ɗora mini wayon da ban yi ba.

Sai ku fara sanin cewa ƙasarmu ba ta da dutse. Daga Haɗeja har Birniwa mutum zai yi tafiya a ƙasa bai yi tuntuɓe da dutse ba, sai yashi da laka da taɓo. Dutsen niƙan Inna ma daga nesa aka kawo shi, gadon uwarta ne, tun zamanin da kakanninmu suka baro bakin tafkin Cadi. Ni kuwa a lokacin ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, muna jihar Kano, ba a yi Jigawa ba tukuna. Kullum in ɗauki alli in zana duwatsu a allo, in ce wannan wuta ce ta haife shi, wannan ruwa ne ya tara shi, yara su rubuta su haddace su ci jarrabawa, alhali daga ni har su, babu wanda ya taɓa riƙe abin da muke magana a kai.

Babanmu Malam Bukar ya rasu shekara biyu kafin wannan lokaci, ya bar Inna da mu biyu, Yaya Modu da ni. Gonar fadama ba a raba ta ba, Yaya ne ke nomawa, yana ciyar da Inna, yana aiko mini da nawa in an yi girbi. Amma shekarun ba su da daɗi. Ruwan sama ya yi ƙaranci, kuma tun da aka yi madatsun ruwa a can sama, ambaliyar da ke shayar da fadama ta daina zuwa yadda ta saba. Shinkafa ta ƙi. Yaya ya koma noman rani da jigo, yana ɗaga guga tun safe har kafaɗarsa ta kumbura, yana kallon maƙwabta biyu da suka sayi injin ban ruwa suna shayar da abin da shi zai yi kwana uku bai gama ba.

Ranar da dutsen ya faɗo ina cikin aji, da hantsi, rani ne sosai, babu ko ɗigon girgije. Muka ji ƙara kamar aradu, sau uku a jere, har gilasan taga suka yi motsi. Yara suka yi salati, wata ta ce aradu ce, wata ta ce aradu a rani? Na ce su koma ga littafinsu. Sai bayan azahar da na biya gidanmu na tarar da zaure cike da mutane, Yaya na zaune a tsakiya, laka har gwiwa, gabansa wani baƙin abu a kan buhu.

Ya ce yana kan jigo ya ji ƙarar, ya ɗaga kai bai ga komai ba. Can sai wani fito ya taho ta sama kamar shirwa ta kawo sura, sai tim! a cikin fangalin tattasai, laka ta yi sama. Ya daɗe a tsaye yana addu'a kafin ya matsa. Ya haƙa da fartanya zurfin kamu guda ya ciro shi. Girmansa bai wuce ƙaramar kabewa ba, amma nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Baƙi ne wuluk kamar an gasa shi, jikinsa duk lotsattse kamar curin furar da aka danna da yatsu. Inda fartanya ta ɓantare shi, cikin toka-toka ne. Na sa hannu na taɓa. Na san irinsa a littafi, dutsen da ke faɗowa daga sararin samaniya, ban dai taɓa zaton zan gan shi a zauren ubana ba.

Kafin mako ya zagayo gidan ya zama kasuwa. Wasu suka ce gatarin aradu ne, wasu suka ce jifan shaiɗanu ne ya kuskure. Mata suka riƙa zuwa da kwanoni, a wanke shi su tafi da ruwan, wai maganin mayu da farfaɗiya. Limamin unguwa ya yi magana a masallaci, ya ce halittar Allah ce kamar kowace halitta, ba ta warkarwa ba ta cutarwa, amma kwanonin ba su daina zuwa ba. Inna ba ta iya korar baƙo, sai ta mayar da dutsen ɗakinta, tana fito da shi in an matsa mata.

Akwai abokiyar aikina, Madam Kaneng, mutuniyar Filato, mai koyar da kimiyya. Gidanta na jikin namu a rukunin gidajen malamai, ita ke kawo mana tuwon acca ranar Kirsimeti, mu mu kai mata naman layya. Na ja ta muka je. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ciro mayen ƙarfe daga jakarta ta kara a jikin dutsen, sai ya manne. Ta juya shi, ta nuna mini wasu jajayen ɗigo da suka fara fitowa.

"Mama, don Allah ku daina wanke shi," in ji ta. "Akwai ƙarfe a ciki, tsatsa yake yi. Ni a cikin duwatsu aka haife ni, babana a ramin kuza ya tsufa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba."

Inna ta ce, "To 'yar nan, ke da kika san su, me ake yi da shi?"

"Akwai inda ake ajiye irinsu a Jos, kowa ya je ya gani. Amma bari mu fara tambaya."

Labari ya riga mu tafiya. Wani Alhaji mai fataucin duwatsun ado ya zo daga Kano a motarsa, ya zauna a zaure da Yaya, ya auna dutsen a hannu, ya yi tayin da zai sayi injin ban ruwa har da canji. Mutumin kirki ne a fuska, bai ɓoye komai ba. Ya ce zarto za a sa a yanka shi fallaye-fallaye, a tura ƙasashen waje, a can akwai masu tara irinsu a gidajensu. Yaya ya ce a ba shi lokaci ya shawarci uwarsa da ƙanwarsa, tunda a gonar gado ya faɗo. Ku lura da wannan. Da ya ga dama da ya sayar a ranar, babu mai tuhumarsa.

Hutun makaranta ya zo, na roƙi babanku ya bar ni na bi Kaneng gida. Na goya Zainab, tana wata bakwai, na ƙulle ɓantaren nan da fartanya ta cire a bakin zane. Tun daga Birnin Kudu na fara leƙe ta taga, har muka hau tudun Jos inda duwatsu ke hawa kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Kaneng tana ta yi mini dariya, wai kamar baƙauyiya ta ga jirgi.

Kaneng ta kai ni inda ta ce ana ajiye irinsu. Ɗakin duwatsun dogo ne, shiru, da sanyi. Ba a biyan ko kwabo a shiga. Akwatunan katako ne masu murfin gilashi jere bango zuwa bango, kowane dutse a kan ɗan farin ƙyalle, da kati a gefensa mai sunansa da inda aka samo shi. Na ga baƙar kuza kamar tsakin gero. Na ga wasu masu haske kamar ƙanƙara, da kusurwa shida daidai kamar an fere su. Na ga shuɗi kamar ruwan kogi da safe, da kore, da wani ja kamar garwashi, da wani mai ruwan zuma. Na ga dutsen da wuta ta haifa da wanda ruwa ya tara, waɗanda na shekara bakwai ina zanawa da alli, kuma wallahi ba su yi kama da zanena ba ko kaɗan. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni. Na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ina karanta katin, har Zainab ta yi barci ta farka a bayana.

Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Ishaya, mutumin kudancin Kaduna, mai magana a hankali. Na kwance bakin zane na miƙa masa. Ya kai shi bakin taga ya duba da gilashin ƙara girma, ya daɗe, sannan ya miƙo mini ya ce in duba. Na ga wasu ƙananan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero, da ɗigon ƙarfe na walƙiya a tsakaninsu.

"Malama, duk abin da kika gani a ɗakin nan, da tsaunukan da kika wuto a hanya, wannan ya girme su," in ji shi.

Ya kai ni wurin wani ƙaramin akwati a ƙurya. Abu ɗaya ne a ciki, bai kai ƙwallon goro ba, kyauta daga wata ƙasa. Na gaya masa girman namu, da maganar Alhaji da zartonsa. Ya cire tabarau ya goge.

"Ba zan yaudare ki ba. Mu ba mu da abin saye. In kun sayar ba ku yi laifi ba, noma ba wasa ba ne. In kuma ya zo nan, abin da zan iya yi miki alkawari shi ne ba za a yanka shi ba, ba za a wanke shi ba, kuma duk wanda ya shigo ta ƙofar can zai gan shi."

Da na dawo na fara gaya wa babanku abin da ke raina. Kun san malamin gona ne, ya san darajar kowane taku na fadama. Ya saurare ni har na gama.

"Gadonki ne, ba nawa ba," ya ce. "Amma ki ji wannan. Gwamnati ta hana shigo da alkama. Nan da shekara biyu duk mai fili a bakin kogi zai zama wani abu. Ƙasa ba ta ƙaruwa, Yagana, 'ya'ya ne ke ƙaruwa."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, ba wai ban gane ba.

Muka zauna a ɗakin Inna bayan la'asar, mu uku, dutsen na ƙarƙashin gadonta a nannaɗe da tsumma. Na ce Yaya ya bar mini dutsen, ni kuma na bar masa rabona na gona, ya sayar ya sayi injinsa. Ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Ke Gana, kanki ɗaya? In sayar da dutsen da ba mu shuka ba, mu tsira da gonar Baba a dunƙule, ko in yanki gonar Baba in ba bare don ki kai dutse wa mutanen Jos su yi kallo?"

"Ba mutanen Jos kaɗai ba, Yaya. Kowa."

"Kowa wa? Wa zai tashi daga nan ya tafi Jos kallon dutse? Allah Ya dubi wahalata Ya jefo mini arziki har cikin fangali, ke kuma boko ya ce miki a sa shi a gilashi."

Gaskiyarsa ta fi tawa nauyi, ni ma na sani. Abin da kawai na iya cewa shi ne, in an yanka shi an tafi da shi, shi ke nan, kamar bai taɓa faɗowa a ƙasarmu ba. Inna tana ta jan carbi har sai da muka gaji.

"Modu, injin kake so, za ka samu ta nan ko ta can," ta ce. "Ita kuma abin da take so hanya ɗaya gare shi. Rabonta ne, ba ta taɓa naka ba. Ni dai da za a tambaye ni, abin da ya yi wannan doguwar tafiya ya sauka a hannunmu lafiya, ba na so a ce a gidana aka sa masa zarto."

Yaya ya tashi ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce, "An gama, Inna." Bai dube ni ba.

Aka kira liman da dattawa biyu aka raba gonar. Rabona ya faɗo ta gefen kogi, inda ya fi kyau. Yaya ya sayar wa maƙwabcinsa, ya sayi injin. Ranar da aka kafa turakun iyaka an ce bai ci abinci ba. Kafin in kai dutsen, na ajiye shi mako guda a makaranta. Kowace yarinya ta zo ta ɗaga shi da hannu biyu, ta ji nauyinsa, ta kara mayen ƙarfe. Wata mai suna Habi ta tambaye ni ko sama na da ƙasa irin tamu da har dutse zai ɓalle daga can. Muka cinye darasi biyu a kan wannan tambaya. Daga nan Kaneng da mijinta suka tafi da shi a bayan motarsu cikin kwali da ƙaiƙayi. Bayan wata guda takardar godiya ta zo. Ita ce duk abin da na samu, kuma ban san inda take yanzu ba.

Maganar babanku ta tabbata tun kafin shekara biyun. Alkama ta yi daraja, fadama ta zama zinariya. Sannan tsadar rayuwa ta shigo, albashi ya daina kai wata. Akwai shekarar da muke awon hatsi da kwano, ku biyar kuna makaranta, ina wucewa ta hanyar kogi ina ganin ana loda buhuna daga filin da yake nawa. Ran nan na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Babanku ya shigo ya gan ni, ya san dalili, ya fita ya ja ƙofa. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ai na gaya miki ba. Ku riƙe masa wannan.

Yaya kuwa bai yanke zumunci ba. Duk girbi sai ya aiko da buhu, alhali ba ni da sauran haƙƙi a gonar. Amma wasan da ke tsakaninmu ya mutu. Da shi ne mai tsokanata tun ina ƙarama, sai muka koma ina kwana, lafiya lau, ya yara. Wannan ya fi rashin gonar ciwo. Kuma maganarsa ma ta tabbata: cikin duk 'yan matan da na koyar, waɗanda suka taɓa zuwa suka gan shi a can ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Inna ta rasu muna a haka.

Bayan an yi jihar Jigawa da 'yan shekaru, Fanna 'yar Yaya da ke aure a Jos ta haihu, ni da shi muka tafi suna a mota ɗaya. Washegarin suna da safe na sa mayafi na ce zan fita. Yaya bai tambaye ni ina ba. Sai da na kai bakin titi na ji takunsa a bayana.

"Mu je in ga inda kika kai gonar Baba," ya ce.

Malam Ishaya ya yi ritaya, wata matashiya ce a wurin. Dutsen na tsakiyar ɗaki a akwatinsa shi kaɗai, baƙi, da lotsawarsa, da gurbin fartanya. Yaya ya tsaya hannuwansa a baya. Ba ya karatun boko, sai ya ce in karanta masa katin. Na karanta: ya faɗo kusa da Haɗeja, a gonar marigayi Malam Bukar, kyautar iyalinsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba su ce da hantsi ba ne? Ba su ce ƙara uku aka yi ba?"

Matashiyar ta jiyo mu ta matso. Da ta gane wanda ke gabanta sai ta ruga ta ɗauko littafi da biro, ta ce ba su taɓa samun bayani daga bakin wanda ya gani da idonsa ba. Ana cikin haka wani malami ya shigo da ɗalibansa, su wajen aji guda, suka kewaye mu. Yaya, wanda ko a taron suna ba ya son a sa shi magana, ya gyara hula ya fara. Ya kwatanta jigo da hannu don yaran ba su san shi ba. Ya yi musu ƙarar, ya yi musu fiton shirwa, ya buga ƙafa a ƙasa, tim, har wata yarinya ta yi tsalle. Suka tambaye shi ko da zafi, ya ce da sanyi kamar an ciro shi daga randa. Suka tambaye shi ko ya ji tsoro, ya ce wanda bai ji tsoro ba ranar ƙarya yake yi. Matashiyar tana ta rubutu har ta cika shafi uku, ta karanta masa, ya gyara mata wuri biyu, sannan ya karɓi biro ya sa sunansa da ajami a ƙasa.

Da muka fito ya tsaya a bakin hanya ya sayi gasasshiyar masara biyu, ya miƙo mini ɗaya. Muka zauna a kan wani falalen dutse muna ci, motoci na wucewa.

"Har gobe ina nan a kan bakana," ya ce. "Wauta kika yi."

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki yi ba." Ya ɓantari masara ya tauna, yana kallon ƙofar da muka fito. "Amma sun goge gilashin da kyau."

Sai ya dube ni ya ce wai tun ina ƙarama haka nake, in an aike ni sayen gishiri sai in dawo da fure. Na ce ƙarya ne, shi ne dai ya taɓa zubar da man gyaɗan Inna ya ce akuya ce. Ya yi dariya har ya ƙware, na bubbuga masa baya. Muka zauna a nan muna tonon asirin juna, har mijin Fanna ya fito nemanmu da mota, don an ɗauka mun ɓata.